Ɗingishin Aro

Talata

Zuwa ga aminina, Sarkin Gardama,

Assalamu alaikum. Yau Talata, na tashi da sauƙi, sai ɗan tarin nan da ya zame mini maƙwabci. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwar 'ya'ya da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Yaya kunnen? Da ya yarda da waya da ban wahalar da idonka ba. Amma rannan da na kira ka, ina ba ka labarin ƙafa kana tambayata wane ne ya rasu, shi ya sa na koma ga alƙalami kamar zamaninmu na makaranta.

Ka tambayi ƙafa. Ƙafa alhamdu lillahi. Ka tuna a banɗaki na zame, ƙashin ƙwaurin hagu ya karye dab da idon sawu, likitan ƙashi ya sa ƙarfe ya ɗaure da kusoshi kamar mai gyaran ƙofa. Ranar da aka kwance ta ban gane ƙafata ba. Ta rame, ta yi fari-fari, sha-raɓar ta zube kamar jakar da aka zazzage. Na ce shi ke nan, ni da tafiya sai a lahira.

To, sai Allah Ya haɗa ni da wata yarinya daga sashen gashin ƙashi na asibitin, ita aka ɗora wa zuwa gidana duk ranar Alhamis. Saje nake ce mata, don tun da muka bar hannun malamin faretin makarantarmu ban ga mai ba da umarni irinta ba. Ba ta kai 'yar taka, wato 'yata, shekaru ba, amma in ta ce ɗaga, sai ka ga dattijo ya ɗaga. Takan sa in riƙe bayan kujera in yi ɗage a kan yatsu, in sauko a hankali. Takan ɗaura mini wata roba mai faɗi a tafin ƙafa in yi ta ja. Takan shimfiɗa tawul a ƙasa in tattaro shi da yatsu kamar kaza mai tono. In na yi ƙorafi sai ta ce, Baba, ƙafar taka ta fi bakinka biyayya.

In mun gama sai in dafa shayi. Da farko ta ƙi, wai dokar aikinsu ta hana. Na ce mata ni ma na yi aiki har na gaji, ban taɓa ganin dokar da ta hana ruwan zafi ba. Kofin marigayiya matata nake ba ta, mai ɗan tsagin nan a baki. Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya sha a cikinsa. Tana sha tana ba ni labarin gidajen da take zuwa, ba ta kama suna, amma tana kwaikwayon muryoyi har sai tari ya sarƙe ni don dariya.

Ka san gidan: ɗaki, falo, kicin, sai dogon barandan da ya kai ƙofar waje. Daga Juma'a zuwa Laraba muryar da nake ji ta rediyo ce, sai ta maƙwabta ta bayan bango. 'Yar taka tana kira, Allah Ya yi mata albarka, amma nesa nesa ce, aiki kuma ya riƙe ta. Ranar Laraba nake gyara gemu in goge tebur. Kada ka yi dariya.

Alhamis ɗin da ta wuce na je ƙofar waje na dawo ba sanda. Ta yi ta tafa hannu kamar ita ta haife ni. Sai ta ce nan gaba kaɗan za a kai ni ɗakin auna tafiya. Wai akwai na'urar da ke duba yadda mutum yake taku, ta ga abin da ido ba ya gani. In ta nuna ƙafar ta koma daidai sai a sallame ni, ita kuma a ba ta wani gidan. Da murnarta ta faɗa. Na ce Allah Ya sa. Bayan ta fita na wanke kofunan, na daɗe ina goge wanda ya riga ya bushe.

Ka gaishe mini da kowa. Allah Ya bar zumunci.

Naka tun ana ƙuruciya,
Safiyo

Asabar

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ni jiki ba laifi, abinci ne dai ya ƙi shiga tun jiya. Dalilin zan gaya maka, don ba ni da wanda zan gaya wa in ba kai ba.

Jiya aka kai ni. Ɗakin dogo ne, ba taga, sanyinsa kamar na kantin magani. An shimfiɗa hanya a tsakiya, kyamarori kuma sun kewaye bango, kowace da jan ido. Suka ba ni gajeren wando. Ni, da furfurata, a gajeren wando gaban sa'ar 'yar cikina! Mai na'urar, wani mutum mai sanƙo da fara'a, ya bi ƙafafuna yana manna wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli: a gwiwa, a ƙwauri, a idon sawu, a dunduniya, a gindin babban yatsa. Da na motsa sai ga ni a allon kwamfuta, ba kai, ba ciki, ba tsufa, layuka kawai da ɗigo-ɗigo suna tafiya. A tsakiyar hanyar akwai wani farantin ƙarfe da aka saje da daɓen, shi ke auna nauyin da kowace ƙafa take saukewa.

Ka san halina da kayan awo. Na yi ta tambaya, shi kuma da alama ya daɗe bai sami mai tambaya ba, sai ya saki baki. Ya ce abu uku suke dubawa: daɗewar da mutum yake yi a kan ƙafar, nauyin da yake ba ta, da yadda yatsu ke tura ƙasa kafin ƙafar ta tashi. Ya ce mai tsoron ƙafarsa ba ya daɗewa a kanta, don haka lafiyayyar ce ke saurin sauka ta cece shi, takunta ya gajarce. Har ya ƙara da cewa sukan sami masu neman hutun aiki, su zo suna jan ƙafa suna nishi. Wai waɗannan na'ura ba ta wahala da su, domin kowane zagaye ɗingishinsu daban yake. Ɗingishin gaske, in ji shi, ba ya canja riga. Yana faɗa yana dariya, bai san wa yake koya wa karatu ba.

Kai ka sani, rayuwata duka a takun ƙasa na yi ta. Kafin a miƙa sarƙar awo na riga na taka filin na faɗi tsawonsa, kuma da wuya sarƙar ta ƙaryata ni. Takuna na san shi kamar yadda na san sunana. In na so in rage masa taƙi guda in riƙe shi haka daga safe har yamma, zan iya.

Saje tana tsaye a ƙarshen hanyar, ta harɗe hannu tana murmushi, ta ce in zo wurinta kamar yadda nake zuwa ƙofar waje. Wallahi, aminina, ban fito gida da niyyar komai ba. Amma da na dube ta sai na ga Alhamis mai zuwa, na ga kujerar falo ba kowa a kai. Sai na taka hagu na ɗauke da wuri, na sauke dama a gajarce, na hana yatsu tura ƙasa. Ban yi nishi ba, ban ja ƙafa ba. Aka ce in sake, na sake iri ɗaya. Aka ce in ƙara, na ƙara, ko gashi bai bambanta ba. Ina tafiya ina kallon murmushin nan yana raguwa, har ya ƙare.

Mai na'urar ya ce ƙafar da sauranta ƙwarai, ba maganar sallama. A mota, ina jin kunyar faɗa, daɗi na ji. Na ce a raina, wa na cuta? Ƙafata ce, tafiyata ce. 'Yan Alhamis kaɗan na ara, ba sata na yi ba. Haka nake ta gaya wa kaina tun jiya, abincin kuma ya ƙi shiga.

Kada ka nuna wa uwar 'ya'ya wannan. Ina gaishe ku.

Naka,
Safiyo

Lahadi

Sarkin Gardama,

Assalamu alaikum, da fatan kun yini lafiya. Taka ta iso. Ka kira ni tsohon banza, na karɓa, ka ce in gaya mata gaskiya tun ruwa bai ƙare wa ɗan kada ba. Karo na farko ke nan a rayuwarmu da ba ni da abin musa maka. Sai dai shawarar ta zo ta tarar da ni na ƙara zurfi.

Alhamis ɗin da na ara sun zo, amma ba irin waɗanda na sani ba ne. Saje ta daina wasa. Ta mayar da ni darasin farko, irin na wanda aka kwance wa ƙafa jiya. Ta ɗauko sandar da na jingine bayan ƙofa ta danƙa mini, ta ce kada in kuskura in taka ba ita. Takan durƙusa ta yi ta latsa ƙwaurin da yatsunta, tana tambaya nan, ko nan, tana neman ciwon da babu shi. Shayin ma sai ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Ni kuma dole in yi ta ɗingishi a cikin gidana, daga falo zuwa kicin, ina lissafin taku kada in yi kuskure. In ta tafi sai in yi salla a tsaye, da ruku'u da sujada, don Wanda nake yi dominSa ba a yi maSa ɗingishi.

Shekaranjiya waccan, wato Alhamis, tana naɗe robarta sai ta ce in yafe mata in ita ce ta matsa mini har ƙafar ta koma baya. Na ce wace irin magana ce wannan. Da ƙyar ta faɗa. Ashe kafin awon ta rubuta wa babban sashensu, wato shugabansu, cewa na je ƙofar waje na dawo ba sanda. Da sakamakon na'ura ya fito, sai ya ce ɗayan biyu ne: ko ta rubuta abin da ba ta gani ba, ko ta yi gaggawa ta lalata aikin likita. Ya ba ta takardar tuhuma. Ita kuwa ba a tabbatar da ita a aikin ba tukuna, kwanan nan za a zauna a kan maganarta da ta abokan shigarta. Ban san wannan ba, aminina. Ban taɓa tambaya ba. Kullum labarin ƙafata muke yi.

Ba shi ke nan ba. Likitan ƙashi ya ga sakamakon, yana zargin ƙarfen ne ya motsa, har yana maganar sake buɗe ƙafar. Asibiti sun kira 'yar taka, ta kira ni tana kuka, wai za ta ajiye aiki ta dawo.

Sai Saje ta ɗago ta dube ni, ta ce, Baba, da idona na gan ka ranar nan, ko ban gan ka ba? Nan ne ƙofar ta buɗe mini, faɗinta ya isa raƙumi ya wuce. Ka san abin da na ce? Na ce, 'yata, ƙafar ce wata rana ta yarda, wata rana ta ƙi. Ta gyaɗa kai, ta yi sallama ta fita.

Na zauna jim kaɗan. Sai na tashi na haɗa kofuna da buta a kan tire na nufi kicin. Tire hannu biyu yake so, don haka sanda tana jingine da kujera. Ina tsakiyar baranda, a miƙe, ina takun da na yi shekaru ina auna filaye da shi, sai na ji kamar ana kallona. Ashe Saje ce ta dawo ɗaukar robarta da ta bari a kan tebur, ƙofar kuma ban rufe ba. Ban san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ƙafafuna take kallo, ba fuskata ba, irin kallon da take yi in tana aiki. Na tsaya da tire a hannu.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na ji sauƙi. Ta wuce ni ta ɗauki robarta, ta sa a jaka, ta ce, Baba, ƙafa ta yi kyau, yatsun ma suna tura ƙasa. Sai ta ja mini ƙofar a hankali.

Garin neman gira na tsone idon yarinyar da ba ta yi mini komai ba sai alheri. Gobe Litinin zan je asibitin da kaina. Ka sa ni a addu'a, ko da kana zagina.

Amininka,
Safiyo

Alhamis

Aminina, Sarkin Gardama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyali, da fatan kunnen bai ƙara nisa ba. Yau Alhamis. Tarin ya lafa, kwankwason dama ne ke ɗan damuna, za ka ji dalili.

Na je. Sandar a gida na bar ta. Daga bakin asibitin har ofishin babban sashen da ƙafata na taka, na zauna a gabansa na zayyana masa komai. Mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta yi masa yawa. Da farko ya ɗauka tausayin yarinyar ne ya sa na zo in rufa mata asiri. Ya ce, Baba, na'ura ba ta ƙarya. Na ce haka ne, ranka ya daɗe, abin da na ba ta shi ta auna. Na roƙe shi a mayar da ni ɗakin.

Aka sake ba ni gajeren wandon, aka sake manna 'yan ƙwallayen. Wannan karon ba kowa a ƙarshen hanyar, bango kawai. Na yi tafiyata ta Allah da Annabi. Sannan na ce su duba, na yi musu ta aron. Mai na'urar ya ɗora hoton ranar farko a kan na yanzu, layi ya hau kan layi kamar an zana da hannu ɗaya. Ya dafe sanƙonsa ya ce, innalillahi, ai ni na koya masa. Fara'ar nan tasa duk ta tafi. Ka ga na ƙara mutum na biyu a cikin waɗanda na jawo wa magana. Babban sashen kuwa sai ya cire tabarau yana murza ido. Na gwammace a ce mari ya yi mini.

Tafiyar gaskiyar ta nuna ƙafar hagu ta warke sarai. Sai dai ta nuna wani abin kuma: kwankwason dama ya fara karkacewa, saboda makonnin da na yi ina ɗora masa kayan da ba nasa ba. Mai na'urar ya ce da na ƙara wata guda a haka, da aron ya zama nawa na har abada.

An fasa buɗe ƙafar. An sallame ni. Na kira 'yar taka na gaya mata da bakina. Sai ta ce, Baba, ai da sai ka ce mini kaɗaici ne. Mu da aka tarbiyyantar a kan namiji ba ya cewa komai, ya fi mini sauƙi in karya tafiyata da in furta kalmar nan guda.

Maganar Saje kuwa, ita ce ta hana ni sukuni. Babban ya ce za a janye takardar tuhumar, kuma zai rubuta gaskiyar abin da ya faru. Amma zaman da za a yi a kan su an riga an yi shi tun ranar Juma'a, washegarin ranar tiren. An tabbatar da abokan shigarta, ita an ce ta jira zagaye na gaba, an kuma ɗauke ta daga zuwa gidaje an mayar da ita ɗakin marasa lafiya. Na tambaya ko ta gaya musu abin da ta gani a barandana. Ya ce ko kalma ba ta ce ba. Tana da abin da za ta wanke kanta da shi a hannu, aminina, ta shiga zaman nan ta fito ba ta tona ni ba. Da na buɗe baki ranar da ta tambaye ni, da dare ɗaya ya isa a gyara komai.

Na nemi ganinta, aka ce tana kan aiki. Na bar saƙo wurin mai na'urar, na ce ya gaya mata ba aiki nake kiranta ba, ba kuma sai ta yafe ba. Ranar Alhamis zan dafa shayi a lokacin da muka saba, in ta ga dama ta zo ta faɗa mini duk abin da ke ranta, a tsaye ma in ta so, zan saurara. Ya ce zai faɗa.

Jiya na gyara gemu na goge tebur. Yanzu ruwa yana kan wuta, na fito da kofin marigayiya. Zan dakata nan, kada ta zo ta tarar da ni da tawada a hannu. In kana da sauran zagi ka aiko, ina da wurin ajiye shi. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka har ƙarshe,
Safiyo

Ƙari: Magariba ta yi. Shayin ya huce na sake ɗumama shi, ya sake hucewa. Na yi ta zuwa ƙofar waje ina dawowa, ba sanda, ba ɗingishi, irin tafiyar da ta sha wahala ta koya mini. Ba ta zo ba.